Sayen Gida Daban, Izinin Zama Daban



Akwai wata magana da ta fara yawa a bakin manyan ma'aikata da 'yan kasuwar da furfura ta fara kama su. Da zarar an zauna hira bayan sallar isha'i, sai ka ji wani ya ce, "Ni dai in Allah ya kai ni ajiye aiki, ba a ƙasar nan zan ƙarasa ba." Wannan ya ce Madina, wancan ya ce Dubai, wani ya ce Istanbul, wani kuma Alƙahira saboda yaransa suna karatu a can. Dillalan gidaje na ƙasashen waje kuwa tuni suka ji labari. Suna kama zaure a manyan otal na Abuja da Legas su baje hotuna, suna turo bidiyo ta WhatsApp da Facebook: bene mai hawa talatin, ga teku ta taga, ga masallaci kusa, ka ba da kashi 10 cikin 100 yanzu, sauran a hankali. Kuma kusan kowane talla yana ƙarewa da alƙawari guda, wai in ka sayi gidan ka samu wurin zama har ƙarshen rayuwa. A kan wannan alƙawarin nake so mu tsaya yau, domin a nan ne ake yi wa dattawa sakiyar da ba ruwa.

Ban zo in zargi mai wannan buri ba. Mutumin da ya yi shekara 35 yana aiki, ya gaji da kukan janareta, ya gaji da fargabar hanya, ya ga yadda ake wahala da majinyaci a asibiti, in ya ce yana son ya huta a inda wuta ba ta ɗaukewa, bai yi saɓo ba. Kuma tafiya gabas don a ƙare rayuwa kusa da Ɗaki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka nausa gabas tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar a Sudan, garin da yake nan har gobe. Dubban alhazan ƙafa sun bi wannan hanya, wasu suka zauna a Sudan, wasu suka tsallaka Bahar Maliya ba su dawo ba. Sai dai a wancan zamani baƙo yana isa gari ya gai da mai gari a nuna masa fili ya kafa bukka. Yanzu kowace ƙasa tana da ofishin da ke rajistar gidaje, tana da wani ofishin dabam mai kula da shige da fice, kuma hatimin na farkon ba ya ɗaure na biyun.

Mu ɗauki darasi daga mutanen Birtaniya, tun da su ne gwanayen ritaya a ƙasar wani. Shekaru da dama suna sayen gidaje a gaɓar tekun Sifaniya da Fotugal da karkarar Faransa, suna gudun sanyi, ba mai tambayarsu biza saboda ƙasarsu tana cikin Tarayyar Turai. A 2016 aka kaɗa ƙuri'ar ficewa, kuma daga 1 ga Janairun 2021 duk wanda bai riga ya yi rajistar zama ba ya koma baƙo kamar kowa, kwana 90 kacal yake da su cikin kowane kwana 180. Gidan nasa ne, takardarsa tana hannunsa, yana biyan haraji a kansa duk shekara, amma in ya wuce wata uku ya zama mai laifi. To idan haka ta samu mai fasfo ɗin Birtaniya, mai koren fasfo ya kamata ya yi wa kansa hisabi.

Mu ma ai mun ɗanɗana. A watan Oktoban 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza, kamfanin jiragen Emirates ma ya dakatar da zuwa Najeriya saboda kuɗinsa da suka maƙale. Ba a dawo da bizar ba sai Yulin 2024, jirgin kuma sai 1 ga Oktoban 2024 ya sake sauka Legas. Ku auna halin dattijon da ya sayi ɗaki a Dubai yana zuwa da bizar ziyara yana dawowa. Kusan shekara biyu yana biyan kuɗin hidimar ginin da ba ya iya taka ƙofarsa. Wanda ma yake da iƙama a hannu yana zaune a can, 'ya'ya da jikoki ba su da hanyar zuwa gaishe shi. Ba shi ya jawo saɓanin ba, gwamnatoci ne suka yi ta tsakaninsu, shi kuwa ya sha ukubar.

Na san wani zai ce ai akwai ƙasashen da suka haɗa biyun, ka sayi gida su ba ka izinin zama. Ƙwarai akwai. Amma a dubi yadda suka yi da shirin. Fotugal ta fara nata a 2012, lokacin da tattalin arzikinta ya durƙushe, ta ce wanda ya sayi gidan yuro 500,000 za a ba shi takardar zama. Sifaniya ta bi sahu a 2013 da adadi iri ɗaya, Girka kuma a shekarar ta sa nata a yuro 250,000. Da aka farfaɗo fa? Kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi a Lisbon da Madrid da Barcelona, matasan ƙasa suka kasa kama ɗaki a garin da aka haife su, suka fito zanga-zanga, 'yan siyasa kuma suka nemi wanda za su nuna wa yatsa. A Oktoban 2023 Fotugal ta cire sayen gida daga cikin hanyoyin samun wannan biza. Sifaniya ta rufe shirin ɗungurungum a ranar 3 ga Afrilun 2025. Girka ta ɗaga kuɗin zuwa yuro 800,000 a Athens da Thessaloniki da manyan tsibiranta tun 2024. Ita Fotugal har da rangwamen haraji ta yi wa baƙi masu fansho tun 2009, da farko ba sa biyan komai a kan fanshon da ke zuwa musu daga waje, a 2020 aka sa musu kashi 10 cikin 100, daga 2024 kuma aka rufe ƙofar ga sababbin zuwa.

Abin lura a nan shi ne, ba don ƙaunar tsofaffin wata ƙasa ake buɗe irin wannan ƙofa ba. Ana buɗe ta ne ranar da baitulmali ya bushe, gidaje suka yi kwantai. Ranar da masu zaɓe suka fara ƙorafi sai a tura ta, kuma baƙo ba shi da ƙuri'a.

Malesiya, wadda mutanenmu da yawa suke yabo saboda ƙasar Musulmi ce mai tsafta da sauƙin rayuwa, tana da shirin zama na baƙi tun 2002. A 2021 aka wayi gari ta ninka sharaɗin kuɗin shiga na wata har sau huɗu, daga ringgit 10,000 zuwa 40,000, ta kuma ce a ajiye ringgit miliyan 1 a banki. Da farko har waɗanda suka daɗe a ƙasar aka so a ɗora wa sabon sharaɗin, sai da aka yi ta kuka kafin a sassauta musu. Turkiyya kuwa ta mai da farashin zama ɗan ƙasa kamar farashin tumatir: dala miliyan 1 a 2017, dala 250,000 a 2018, dala 400,000 a 2022, da sharaɗin ba za ka sayar da gidan ba sai bayan shekara 3. Mai neman izinin zama kawai ta hanyar gida, daga Oktoban 2023 sai gidan ya kai dala 200,000. Sannan tun 2022 gwamnatin ta rufe unguwanni fiye da 1,000 ga sababbin baƙi, saboda yawan baƙin da ke cikinsu ya wuce ƙa'ida. Ma'ana kana iya sayen ɗaki a wata unguwa a Istanbul, ka je ofishin shige da fice a ce maka ba a rajistar baƙo da wannan adireshi. Dillalin da ya karɓi la'adarsa ba lalle ne ya gaya maka wannan ba.

Yanzu bari mu zo kan wadda ta fi kwanta wa mutanenmu a rai, wato Saudiyya. Wa zai ƙi a ce sallolinsa biyar na ƙarshen rayuwa a Harami yake yin su, in ta Allah ta kasance kuma a kai shi Baƙi'a? Buri ne mai kyau. Sai dai hukumar Saudiyya da takarda take aiki, ba da niyya ba. Bizar umra ta ziyara ce, kuma mun san sunan da ake kiran wanda ya zarce, mun san yadda ake kamo su a tara a sansanin Shumaisi a sako su jirgi. Shekara da shekaru dokar ƙasar ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar gida a cikin iyakokin Makka da Madina, in ba ta hanyar gado ba. A 2019 aka fito da iƙama ta musamman wadda ba ta buƙatar kafili, ana biyan riyal 800,000 sau ɗaya don ta dindindin, ko riyal 100,000 duk shekara. A farkon 2024 aka ƙara wani rukuni na mai gida, amma sai gidan ya kai riyal miliyan 4 kuma babu bashi a kansa. Da yake riyal 3.75 ne dala ɗaya, ana maganar sama da dala miliyan 1 ke nan. A Yulin 2025 majalisar ministocin ƙasar ta amince da sabuwar dokar mallakar gidaje ga baƙi, wadda aka tsara ta fara aiki a Janairun 2026, a yankunan da hukuma za ta ayyana, Makka da Madina kuma da sharuɗɗa na musamman, ga Musulmi kaɗai. Wannan ci gaba ne, amma duk wanda ya zo maka da takarda yana cewa ga ɗaki kusa da Harami, ka tambaye shi: mallaka ce, ko haƙƙin amfani ne na wasu shekaru? Wace iƙama ce take biye da shi? In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Akwai wata tsohuwar dabara da ake yi, a sayi gida da sunan wani ɗan ƙasa, aboki ko suruki ko tsohon kafili, a ce ai amana ce. Jama'a, a gaban alƙali gida na wanda sunansa ke kan takarda ne. Shi amintaccen naka yana iya rasuwa, magadansa kuma ba su san wata amana ba. Kuma ko ba a ci amana ba, hukuma tana iya buƙatar wurin. Daga 2008 aka rushe unguwar Shamiyya da kewayenta don faɗaɗa Harami, daga ƙarshen 2021 kuma aka shafe unguwanni masu yawa a Jidda, cikinsu har da waɗanda 'yan Afirka ta Yamma suka yi shekaru aru-aru a ciki. In ana maganar diyya, da mai takarda ake yi.

Sai batun kuɗi, wanda ni a ganina shi ne ya fi kayar da mutane, ya fi dokar kowace ƙasa. Dattijo yana lissafin kuɗin sayen gida, ya haɗa garatuti da kuɗin fili biyu da ya sayar, ya ga sun kai. Abin da ba ya lissafawa shi ne cefanen shekara 20 masu zuwa, da kuma kuɗin da za a yi cefanen da shi. Fanshon Najeriya, ko na tsohon tsari ko na asusun da dokar 2004 ta kawo, da naira ake biyan sa. A 2015 dala tana wajen naira 197 a farashin gwamnati. Mai karɓar naira 200,000 a wata a lokacin yana da kusan dala 1,000, kuɗin da za su riƙe mutum da matarsa a Alƙahira ko wani gari a Turkiyya. A Yunin 2023 aka saki naira, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Wannan naira 200,000 ɗin ta koma ƙasa da dala 140. Gidan yana nan, amma da me za a biya wuta da ruwa da magani? Riyal da dirhami a ɗaure suke da dala, saboda haka duk faɗuwar da naira ta yi, a kan mai fansho take sauka kai tsaye.

Wani zai ce to a zaɓi ƙasar da kuɗinta ma yake faɗuwa. Nan ma ba a tsira ba. Lirar Turkiyya ta tashi daga ƙasa da 4 a dala a farkon 2018 zuwa sama da 30 a 2024, amma hauhawar farashi ta kai kashi 85 cikin 100 a Oktoban 2022 bisa alƙaluman gwamnatin kanta. Masar ma ta karya darajar fam ɗinta a Maris 2024, daga wajen 31 zuwa kusan 50 a dala. Mai dala a hannu shi ke cin ribar irin wannan. Mai naira kuwa yana tsakanin kuɗi biyu ne da kowanne ke zubewa. 'Yan uwanmu na Nijar suna da ɗan sauƙi tun da sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kowane yuro ɗaya, amma manyansu ba su manta da Janairun 1994 ba, ranar da aka kwana aka tashi sefa ta rasa rabin darajarta. Ni dai hukuncina a nan ba shi da sassauci: wanda ba shi da wata hanyar shigar kuɗi da kuɗin ƙasar da zai koma, ko da dala ko yuro, wadda za ta ci gaba da zuwa ko yana kwance, bai shirya yin ritaya a waje ba, ko da kuwa ya iya sayen gidan lakadan.

To a ce kuɗi sun wadata. Me kake saya takamaimai? A Tailan baƙo ba ya mallakar ƙasa, sai ɗaki a bene, shi ma baƙi ba za su wuce kashi 49 cikin 100 na ginin ba. A nan kusa, tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ce baƙo ba ya samun fili sai dai haya wadda ba ta wuce shekara 50 ba. A Dubai tun 2002 aka yarda baƙi su mallaka, amma a yankunan da aka ware kawai. Kuma mafi yawan abin da ake tallata mana ba gida ba ne tukuna, zane ne a takarda, gini yana nan zuwa. Waɗanda suka sayi irin wannan a Dubai kafin 2008 sun ga tasku, farashi ya faɗi da kusan rabi cikin shekara guda, ayyuka da dama suka tsaya cak. Gaskiya hukumar ta ƙarfafa doka, kuɗin mai saye yana shiga wani asusu na musamman da ba a sakar wa kamfani sai gini yana tafiya, amma wajibi ne ka tabbatar da kanka cewa cikin wannan asusun kake zubawa, ba cikin asusun dillali ba. A kudancin Malesiya akwai Forest City, birnin da wani kamfanin China ya tsara a kan dala biliyan 100, aka sayar wa baƙi ɗakuna ta hoto. Benaye sun tashi, amma mafi yawansu babu kowa ciki, kuma a 2018 Firaminista Mahathir Mohamad ya fito ya ce ba za a ba baƙi bizar zama a can ba.

Ko ginannen gida ma ba a saye da ido rufe. A yankin Andalus na Sifaniya an gina dubban gidaje a filayen noma da izinin ƙananan hukumomi, daga baya gwamnatin yankin ta ce izinin haramtacce ne. A Janairun 2008 aka kawo katafila aka rushe gidan wasu tsofaffin ma'aurata 'yan Ingila kusa da garin Vera suna tsaye suna kallo, suka koma kwana a garejin mota, suka yi shekaru suna shari'a. Wanda zai saya a Turkiyya kuma ya tuna girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023 da ta kashe mutum fiye da 50,000, ya nemi injiniya ya duba ginin, kada fenti ya ruɗe shi. Maganin duk wannan ɗaya ne, lauyanka na kanka, wanda kai ka nemo shi kai kake biyan sa, ba wanda kamfanin ya ce "muna da lauya, kyauta ne" ba. Lauyan kyauta yana yi wa wanda ke biyan sa aiki ne.

Kuɗin da ke biyo bayan saye kuma ba na wasa ba ne, amma ba zan daɗe a kansu ba: a Dubai kashi 4 cikin 100 na rajista, ga la'ada, ga kuɗin hidimar gini da ake biya duk shekara ko kana ciki ko ba ka ciki. A tambaya a rubuce kafin a sa hannu.

Mu koma ga jiki. Mai shekara 60 da ke zaɓen ƙasa yana zaɓa wa mai shekara 78 ne, kuma wancan dattijon ba ruwansa da tafkin wanka. Abin da zai tambaya shi ne ina likitan zuciya, nawa ne wankin ƙoda, wa zai ɗaga shi in ya faɗi a banɗaki. Asibitocin da muke sha'awa a waɗannan ƙasashe, kyauta ko rangwamen da ke cikinsu galibi na 'yan ƙasa ne. Baƙo da inshora yake shiga, kuma yawancin bizar ritaya ba a bayar da ita sai da inshorar. Kamfanonin inshora kuwa suna ƙara kuɗi da ƙaruwar shekaru, da yawa ba sa karɓar sabon mutum in ya tsufa sosai, kuma sukan cire ciwon da ka zo da shi, wato dai hawan jinin da ciwon sugan da suka sa ka baro gida. Ranar da inshora ta gagara, sabunta iƙama ma ta gagara. Sannan ga harshe. Bayyana wa likita inda ke maka ciwo da Turkanci, da ƙarfe biyun dare, ba abu ne da ake koya a shekara 70 ba.

Akwai kuma abin da dillali ba zai taɓa tayar da shi ba, domin bai san gidajenmu ba. Mai mata biyu ko uku ya sani cewa dokar Tarayyar Turai ta 2003 kan haɗa iyali ta hana a ba mata ta biyu izinin zama in ta farko tana can, Turkiyya ma tun 1926 ba ta amince da auren fiye da ɗaya ba. Wace za a ɗauka, wace za a bari? 'Ya'yan da suka balaga galibi ba sa shiga ƙarƙashin iƙamar uba, balle marayun ɗan'uwa da kake riƙo.

Sai ranar da ba makawa. Gida yana bin dokar ƙasar da yake, sau da yawa har a rabon gado. A Turkiyya, gidan da ke ƙasar da dokar Turkiyya ake raba shi ko mamacin ɗan ina ne: mata ta ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu in akwai 'ya'ya, 'ya'ya kuma mace da namiji daidai wa daida. Wannan ba rabon da malamanmu suke yi ba ne, kuma ya isa ya raba zumunci in wani cikin magada ya ce shi dokar can zai bi. A Birtaniya gwamnati tana karɓar harajin gado kashi 40 cikin 100 a kan abin da ya haura fam 325,000, kuma gidan da ke Landan yana ciki ko mai shi a Kano ya rasu. A Daular Larabawa ana rufe asusun mamaci a banki sai kotu ta gama aikinta, matar da take zaune a ƙarƙashin iƙamarsa kuma shekara guda doka ta ba ta ta nemi mafita. Ku dubi Hajiya, ga takaba, ga baƙuwar ƙasa, ga asusu a rufe, ga magada a gida suna jiran biza kafin su zo kotu da takardun da sai an fassara an buga musu hatimi. Ko kabari ma abin tambaya ne. A biranen Girka hayar kabari ake yi, galibi shekara 3, sannan a tono ƙasusuwa. Musulmin da zai zauna a irin wannan wuri ya san tun da wuri inda za a kai shi da wanda zai yi masa wanka.

Ban ce kowa ya haƙura ba. Akwai waɗanda abin ya dace da su: wanda ya yi aiki shekaru a ƙasar ya san harshenta, wanda ɗansa ko 'yarsa ke zaune can da takardun dindindin, wanda kasuwancinsa ke kawo masa kuɗin waje. Irin waɗannan ma na fi son su jera abin yadda ya kamata. Izinin zama tukuna, a ji sharuɗɗansa daga ofishin jakadanci ko shafin hukumar ƙasar, ba daga bakin mai talla ba. Sannan a je a kama haya shekara guda cur, a ga zafin Agusta a Dubai, a ga sanyin Janairu a Istanbul, a yi azumi a can, a yi sallah a can ba tare da jikoki sun shigo yawon sallah ba, a ga ko zuciya za ta ɗauka. Mutumin da ya saba ana sallama a ƙofar gidansa tun hantsi, ana kiran sa ɗaurin aure da suna da sulhu, shi kaɗai zai iya faɗin yadda zaman bene na 20 zai yi masa, inda maƙwabci bai san sunansa ba. Mai haya in abin bai yi ba, makulli zai miƙa ya hau jirgi. Mai gida sai ya nemi mai saye, kuma ranar da doka ta juya wa baƙi baya, ranar ce duk baƙi suke fito da nasu kasuwa.

Saboda haka, Alhaji, Hajiya, ga roƙona. Kada a sayar da gidan gida don a sayi na waje. Kada a zuba garatuti gaba ɗaya a ginin da ba a taɓa taka ƙafa a cikinsa ba, kada a sa sunan wani a takarda da sunan amana. Kafin a biya ko sisi, a tara iyali a gaya musu, a kira malami masanin gado da lauyan da ya san dokar waccan ƙasa su zauna tare, a rubuta wasiyya. 'Ya'ya kuma, in kun ji mahaifinku ya fara zancen wani ɗaki da aka turo masa a waya, ku karɓi takardun ku karanta masa su layi-layi kafin ya je wurin 'yan canji.